Yadda za a gina manhajar karatu da ba za ta cinye lokacin ɗalibi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a nan Kano, ni da abokaina biyu muna gina manhajar waya ta shirin jarabawar JAMB. Wanda yake son zuba mana jari ya ce sai mun nuna masa cewa ɗalibai suna daɗewa a ciki, kuma ya ba mu shawarar mu sa bidiyoyi masu bin juna, da sanarwa sau da yawa a rana, da lissafin kwanakin da ɗalibi ya jera yana shiga. Ni kuwa ina ganin yadda ƙannena suke kwana a kan waya, ba na son in ƙara musu wata jarabar. Shin akwai hanyar gina manhajar da za ta amfani mutane ba tare da ta kama su ba, kuma ta kawo kuɗi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanina. Hanyar tana nan, kuma na ji daɗi da ka yi wannan tambaya tun ginin bai yi nisa ba, domin gyara irin wannan abu bayan an saki manhaja yana da wuya ƙwarai. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, halin manhaja yana fitowa ne daga lambar da masu ita suke dubawa kowace safiya. Idan lambar da kuke murna da ita ita ce yawan mintunan da ɗalibi ya yi a ciki, to duk gyaran da za ku yi daga yau zai karkata zuwa ga tsare shi, ko da kuwa babu mai mugun nufi a cikinku. Idan kuwa abin da kuke dubawa shi ne yawan tambayoyin da ɗalibi ya faɗi a makon jiya kuma ya ci su a wannan makon, to ginin zai bi wata hanya dabam da kansa.

Ya kamata ka san inda shawarar mai zuba jarin ta samo asali. Manyan shafukan sada zumunta suna samun kuɗinsu ne daga talla, kuma kowane minti da mutum ya ƙara a ciki wuri ne na nuna masa wata tallar, shi ya sa suka ƙware wajen cire duk wani wurin da mutum zai tsaya ya tambayi kansa ko ya isa haka. A shekarar 2006 Aza Raskin ya ƙirƙiro allon da ba ya ƙarewa, wanda kana jansa da yatsa sabon abu yana fitowa daga ƙasa, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadamarsa. Loren Brichter ya fito da dabarar jan allo ƙasa don sabunta saƙonni a manhajar Tweetie, wadda kamfanin Twitter ya saya a 2010. Abin da ya sa wannan dabara take kama mutum tsohon ilimi ne: masanin halayyar ɗan'adam B. F. Skinner ya nuna a gwaje-gwajensa da tattabaru da ɓeraye cewa dabbar da take samun abinci ba a kan ƙa'ida ba, wani lokaci ta samu wani lokaci ta rasa, ta fi nacewa a kan danna maɓalli fiye da wadda take samu kullum. A kan wannan aka gina injin caca, kuma shi ne yake aiki idan ka ja allo ba ka san abin da zai fito ba. A 2017 shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa a fili cewa barci yana cikin abokan gasar kamfaninsa. Waɗannan dabaru sun dace da mai sayar da talla, ku kuwa abin da kuke sayarwa shi ne cin jarabawa.

Duk da haka ba na son ka ɗauka cewa kowane minti a kan waya cuta ne, domin bincike bai nuna haka ba. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun duba bayanan matasa masu ɗimbin yawa, suka samu cewa yawan amfani da na'urori shi kaɗai bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalar matasan ba. A ɗaya ɓangaren kuma, masana tattalin arziki Hunt Allcott da Matthew Gentzkow da Lena Song sun kiyasta a binciken da suka fitar a 2022 cewa kusan kashi 31 cikin ɗari na amfani da shafukan sada zumunta a cikin waɗanda suka gwada ya samo asali ne daga gazawar mutum wajen kame kansa, wato lokacin da shi kansa bai so ya ɓata ba. Idan ka haɗa waɗannan biyu za ka ga inda matsalar take. 'Yar kasuwar da take wuni a WhatsApp tana tura wa abokan cinikinta hotunan atamfa da leshi daga Kantin Kwari aiki take yi, kuma babu mai hankalin da zai ce ta rage. Yarinyar da ta ɗauki waya bayan Isha'i da niyyar duba saƙo ɗaya, sai ga ta har ƙarfe biyun dare, ita ce wadda aka cuta. Aikinka a matsayin mai tsara manhaja shi ne ka rage tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya yi niyya da abin da ya ƙare da yi.

A nan zan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar. Kowane zama a cikin manhajarku dole ya kasance yana da farko da ƙarshe, kuma ɗalibi ya san ƙarshen tun kafin ya fara. Mu da muka yi makarantar allo ba ma buƙatar a kawo mana misali daga nesa. Malam yana rubuta wa yaro iya abin da ƙwaƙwalwarsa za ta ɗauka, ya biya masa, yaron ya yi ta maimaitawa har ya zauna, sannan a ba shi izinin wanke allo a yi masa ɗori. Allon yana da iyaka, kuma ba a ƙara wa yaro sabon karatu don kawai yana zaune bai tashi ba. Ku gina zamanku a haka. Jarabawar JAMB tambayoyi 180 ce a cikin awa biyu, 60 na Turanci da 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, wanda ya kama daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Zaman tambayoyi 20 tare da duba gyara zai ci kimanin minti 25 zuwa 30. Ku faɗa wa ɗalibi haka a allon farko, idan ya gama kuma ku nuna masa allo guda mai cewa karatun yau ya kammala, ga abin da ya ci, ga abin da za a dawo masa da shi jibi. Maɓallin rufewa ya zama shi ne babba. Mai son ƙari yana iya nema, amma ya zama shi ya nema da hannunsa, ba manhajar ce ta fara ƙirga daƙiƙa biyar ta buɗe masa bidiyo na gaba ba.

Ka lura da abin da ya faru da Instagram don ka ga yadda wannan yake da wuyar riƙewa. A 2018 sun sa alamar da take gaya wa mutum cewa ya ga duk sabon abin da waɗanda yake bi suka saka, wanda kyakkyawan wurin tsayawa ne. A 2020 sai suka fara jera wasu hotunan na mutanen da bai bi ba a ƙarƙashin wannan alamar, allon ya koma mara ƙarshe. Matuƙar kuɗi yana zuwa daga daɗewa, wurin tsayawa ba ya daɗewa a raye.

Sa'ar da kuka yi ita ce ilimin koyo yana tare da ku. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna yadda mantuwa take da sauri a kwanakin farko bayan koyon abu, da yadda maimaitawa a warwatse cikin kwanaki ta fi zama a kai fiye da cusa komai a zama ɗaya. Mahaddata sun san wannan ta hanyar tilawa tun kafin shi. Ɗalibin da ya yi rabin awa kullum na wata huɗu zai fi wanda ya kwana uku bai runtsa ba ana gobe jarabawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma barci kansa yana cikin abin da ke zaunar da karatu. Saboda haka manhajar da take sallamar ɗalibi da wuri ita ce take koyar da shi da kyau, kuma wannan hujja ce da za ka iya ajiyewa a gaban mai zuba jari ba tare da jin nauyi ba.

Sai maganar sanarwa. A 2019 Nicholas Fitz da Kostadin Kushlev da abokan aikinsu sun gwada tara wa mutane sanarwar wayoyinsu a kawo musu sau uku kacal a rana, suka samu cewa waɗannan mutane sun fi natsuwa kuma damuwarsu ta ragu, alhali waɗanda aka kashe wa sanarwa gaba ɗaya sun ƙara shiga fargabar cewa wani abu yana wuce su. Darasin shi ne a tsara sanarwa a rage ta. A manhaja irin taku sau ɗaya a rana ya wadatar, kuma ɗalibi ne zai zaɓi lokacin a ranar da ya yi rajista. Shawarata ita ce kada ku tambaye shi da ƙarfe, ku tambaye shi yadda mutanen Kano suke yanka ranarsu: bayan Asuba, bayan La'asar, ko bayan Isha'i. Lokutan salla suna motsawa a cikin shekara, amma ana iya lissafa su a cikin waya ba tare da intanet ba, sai ku sa tazarar minti 20 ko 30 bayan kiran salla don kada wayar yaro ta yi ƙara yana cikin sahu. Ku yi shiru lokacin Juma'a, ku sake tambayar ɗalibi idan azumi ya zo domin tsarin rana yana juyewa, sannan daga ƙarfe 10 na dare zuwa Asuba kada komai ya fita daga gare ku. Abin da sanarwar za ta ce ma yana da muhimmanci. Saƙon da ya ce akwai tambayoyi 12 na Kimiyyar Sinadarai da lokacin maimaita su ya yi bayani ne mai amfani. Saƙon da ya ce abokanka sun wuce ka, ko manhaja tana kewarka, wasa da zuciyar yaro ne, kuma ina roƙonka ka guje shi. Idan ɗalibi ya yi watsi da sanarwa sau biyar a jere, ku daina turawa, ku tambaye shi sau ɗaya ko yana son canja lokaci. Tun daga Android 13 da ya fito a 2022 sai manhaja ta nemi izini kafin ta fara tura sanarwa, don haka mutunta wannan izini ma dabarar kasuwanci ce, domin wanda ya kashe ku sau ɗaya da wuya ya sake kunnawa.

Wani zai ce ai akwai na'urar ƙayyade lokaci a cikin wayoyi, mai so ya kunna. Gaskiya ne Apple ya kawo Screen Time, Google ya kawo Digital Wellbeing, dukkansu a 2018, shekarar da Tristan Harris, tsohon ma'aikacin Google, da abokansa suka kafa cibiyarsu ta neman fasaha mai mutunta ɗan'adam. Amma ka je Farm Centre ko Titin Beirut ka tambayi masu sayen Tecno da Infinix da itel nawa ne suka taɓa buɗe wannan saiti. Abin da aka ɓoye a can cikin saiti kusan babu shi, kuma iyakar da ake tsallakewa da dannawa ɗaya ba ta tare kowa. Abin da yake aiki shi ne yadda manhaja ta zo tun asali. Lokacin da dokar Birtaniya ta tsara manhajoji daidai da shekarun yara ta fara aiki sosai a Satumbar 2021, YouTube ya riga ya kashe kunna bidiyo na gaba kai tsaye ga 'yan ƙasa da shekara 18, a matsayin saitin asali. A Maris na 2023 TikTok ya sa iyakar minti 60 a rana ga 'yan ƙasa da 18, ko da yake matashi yana iya wucewa idan ya shigar da lambar sirri. Ku ma duk wani abu mai kare ɗalibi ya zo a kunne, wanda ba ya so ya kashe da kansa.

Ɗan jinkiri kuma yana da ƙarfin da mutane ba sa zato. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna one sec da take tsayar da mutum na 'yan daƙiƙu kafin ta buɗe masa shafin da ya danna, ta tambaye shi ko da gaske yana son shiga. Binciken da aka buga a 2023 ya nuna cewa bayan mako shida yawan buɗe waɗannan shafuka ya ragu da kashi 57 cikin ɗari. WhatsApp ma da ya so rage yaɗuwar jita-jita bai hana tura saƙo ba, ya dai ƙayyade shi zuwa wurare biyar a lokaci guda a Janairun 2019. Ku sauƙaƙa shiga karatun yau, ku sa ɗan jinkiri a ƙofar zama na uku a jere.

Lissafin kwanakin jere shi ne shawarar da na fi ƙi a cikin ukun, kuma dalilina na Kano ne. Duk mun ga abin da ya faru a 2024 lokacin guguwar mainin, yadda matasa da magidanta har da matan aure suka riƙa danna allo dare da rana a Hamster Kombat da makamantansa, mutum yana tsoron ya tsallake rana ɗaya kada ya rasa abin da ya tara. Tsoron asara ne yake tuƙa wannan dabara, kuma an san yana da ƙarfi fiye da kwaɗayin riba. A garin da ake iya kwana biyu babu wuta a unguwa, ake kai waya wurin mai caji, data kuma ta ƙara tsada bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025, lissafin da yake rushewa idan an rasa rana ɗaya hukunci ne a kan ɗan talaka saboda abin da ba laifinsa ba. Yarinyar da aka yi rasuwa a gidansu ta yi kwana uku ba ta taɓa waya ba, ta dawo ta tarar an mayar da ita sifili, za ta iya barin karatun gaba ɗaya. Idan kuna son ƙarfafa naci, ku ƙirga da mako: kwana huɗu cikin bakwai ya cika, abin da aka tara ba ya gogewa, hutu kuma kyauta ne, kada ku sayar da shi. Jerin gwanaye na dukkan masu manhaja ma haka yake, yana faranta wa goman farko rai ya karya wa dubbai gwiwa. Ku gwada ɗalibi da kansa na makon jiya.

Akwai abubuwa biyu na nan gida da littattafan tsara manhaja na ƙasashen waje ba za su gaya maka ba. Na farko, kamfanonin sadarwa suna sayar da datar dare da araha, wannan kuma yana tura ɗalibai su raba dare a farke don sauke bidiyo. Ku gina manhajar yadda za ta sauke darasin mako da kanta a cikin daren, yaro yana barci, ya yi karatunsa da rana ba tare da intanet ba. Kun rage masa kuɗi, kun kuma raba karatunsa da saƙonnin da suke shigowa idan data tana kunne. Na biyu, ɗalibai da yawa, musamman 'yan mata, da wayar mahaifiya ko ta yayansu suke karatu, saboda haka gajeren zama mai iyaka shi ne zai sa a ci gaba da ara musu. Idan za ku ba iyaye rahoto, ya zama taƙaitaccen bayanin mako wanda ɗalibin ma yana ganinsa, kada ya zama leƙen asiri. Ka tuna kuma da yawan masu rubuta JAMB ba su kai 18 ba, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta buƙaci amincewar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro, don haka ku karɓi iya bayanan da aikin yake buƙata.

Game da kuɗi, in dai da talla za ku rayu to za ku koma inda kake gudu, ko ba jima ko ba daɗe. Ku karɓi kuɗin zango ɗaya na jarabawa daga iyaye, ko ku yi yarjejeniya da makarantun sakandare da cibiyoyin lesin su biya wa ɗalibansu, domin waɗannan duka sakamako suke saye. Biyan ya ƙare da kansa idan jarabawa ta wuce, kada ku riƙa cirar kuɗi a ɓoye, kuma fita ta zama da sauƙi kamar shiga. Dabarun ɓoye ƙofar fita da Harry Brignull ya fara tattarawa yana fallasawa a 2010 yanzu dokar Tarayyar Turai ta ayyukan intanet ta hana su a manyan dandamali, a Kano kuwa uwa ɗaya da aka cire wa kuɗi ba da saninta ba za ta gaya wa duk matan da ke gidan biki.

Idan za ku koma wurin mai zuba jarin, ku je masa da lambobi uku a madadin mintuna: kashi nawa na ɗalibai suke kammala zaman da suka fara, kashi nawa suke dawowa a mako na huɗu da na takwas, da kuma bambancin makin gwajin ranar farko da na bayan wata biyu. Ku ƙara ta huɗu don kanku, wato yawan zaman da ake yi tsakanin ƙarfe 11 na dare da Asuba, ku ɗauki hauhawarta a matsayin matsalar da za a gyara. Kafin nan ku samu ɗalibai 30 ko 40 a wata cibiyar lesin, ku ba su manhajar na mako uku, kuma a ƙarshen kowane mako ku zauna da su ido da ido ku tambaye su minti nawa suka yi niyyar yi, minti nawa suka yi, da ƙarfe nawa suka kwanta. Ku tambayi iyayen wasunsu ma, musamman waɗanda wayarsu ce ake ara. Idan mai jarin ya ga waɗannan lambobi ya ce shi dai mintuna yake so, to kamfanin talla yake nema, kuma gara ku nemi makarantu biyar da za su biya ku kuɗin zango na farko ku fara da su.